Yadda ake zuwa baje kolin wuƙaƙen ƙirar hannu a Amurka ba tare da an sha kunya ba

Da wuya ka miƙa wa Bahaushe wuƙa babban yatsansa bai tafi bakinta ba. Sai ya shafa ya ji kaifi tukuna, sannan a yi maganar kuɗi. A rumfar maƙeri ranar kasuwa wannan ba laifi ba ne, maƙerin ma zai zaro wata ya ce gwada wannan ka ji. To a baje kolin wuƙaƙe na Amurka, wannan shafar ce za ta fara tona maka asiri cewa kai baƙo ne. Ni ma ta tona mini, zan zo kan labarin.

Irin taron da nake magana a kai, ƙungiyoyin masu tara wuƙaƙe ne ke shirya shi, mutanen da wuƙa ta zame musu abin sha'awa kamar yadda wani ke kiwon tantabaru ko dawakai. Sukan kama babban zaure na kwana biyu ko uku, su jera tebura, maƙera da dillalai da masu tarin tsofaffin wuƙaƙe kowa ya kama nasa. Misalin da zan riƙa kawowa shi ne na ƙungiyar masu tara wuƙaƙe ta jihar Oregon, wadda ake taƙaita sunanta OKCA. An kafa ta a 1976, kuma duk watan Afrilu take yin babban taronta a zauren Lane Events Center da ke garin Yujin, wanda a taswira za ka ga an rubuta Eugene. Teburan sun haura 300. Amma abin da zan faɗa zai yi maka aiki ko da taron mai tebur 40 ne a ɗakin taron wani otal.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. Hoto ba ya faɗa maka nauyin wuƙa, ba ya faɗa maka yadda ƙota za ta zauna a tafinka, kuma ba ya amsa tambaya. Wajen nan ne kaɗai za ka riƙe wuƙa hamsin a yini guda, wanda ya ƙera kowacce yana tsaye gabanka. Saye na biye ne. Wanda ya shiga da zumuɗin saye yakan fito da wuƙar da zai yi nadamarta kafin magariba.

Mataki na 1: tsayar da rana, ka kuma yi rajista da ƙungiyar

Bisa al'adar taron Yujin, Juma'a ta 'yan ƙungiya ce da masu tebura, Asabar da Lahadi kuma kowa na iya biyan kuɗin ƙofa ya shiga. Kuɗin zama ɗan ƙungiya na shekara ba wani abin ɗaga hankali ba ne, kuma shi ke buɗe maka ƙofar Juma'a. Ka biya da wuri, makonni kafin taron, kada ka bari sai ka isa bakin ƙofa. Ka kuma tabbatar da ranakun shekarar daga bakin ƙungiyar kafin ka yanki tikitin jirgi.

Me ya sa Juma'a? Domin wuƙaƙe masu kyau ba sa kwana. Dillalai da tsofaffin hannu suna zagaye tun ana sauke kaya, kafin Asabar da hantsi an tsince na tsincewa. Aibin Juma'ar shi ne ranar shirya tebura ce, za ka tarar wasu a lulluɓe, masu su ba su iso ba. Ga kuma sallar Juma'a da za ta raba maka yinin gida biyu. Akwai masallaci a garin, sai ka nemi lokacin huɗuba tun daren Alhamis ka tsara zagayenka a kai.

Zuwa ba wuya. Yujin na da filin jirgi, amma da yawa sukan sauka a birnin Fotlan, wato Portland, su kama babbar hanyar I-5 zuwa kudu, tafiyar awa 2 ko kusa da haka a mota, ko su hau jirgin ƙasa na Amtrak. Afrilu a can watan yayyafi ne, ka tafi da rigar ruwa. Idan kana da rarar kwana, ka sani yankin Fotlan gidan wuƙa ne: kamfanonin Gerber, Leatherman, Benchmade, Kershaw da CRKT duk suna cikin birnin ko garuruwan da ke gefensa.

Mataki na 2: koyi 'yan kalmomin sana'ar kafin ka tafi

Nan zan ɗan daɗe, don wanda bai san abin da zai tambaya ba zagaye kawai zai yi yana cewa masha Allah.

Masu yin wuƙa da hannu a can kashi biyu ne. Akwai maƙera irin waɗanda muka sani, masu sa ƙarfe a wuta su ɗora kan uwar maƙera su buga har ya ɗauki siffa, sai dai maimakon zuga-zugi da gawayi yawancinsu gas suke hurawa. Akwai kuma masu sayen sandar ƙarfe shimfiɗaɗɗiya, su zana siffar wuƙa a kai, su yanke, su gurje da inji mai bel har abin da ya rage ya zama wuƙa. Kada ka raina na biyun. Bob Loveless, wanda ya rasu a 2010, da gurza ya yi suna, kuma wuƙar farautarsa mai tsini a ɗan sunkuye har yau ita ake kwaikwayo a tebura da dama. Ɓangaren masu bugu kuwa, sunan da za ka riƙa ji shi ne Bill Moran, wanda ya fito da wuƙaƙen Damaskas, wato masu ƙarfe falle-falle mai zane, na ƙirarsa a wani taron maƙera a 1973, lokacin da sana'ar bugu ta kusa mutuwa a Amurka, sannan a 1976 shi da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, ABS.

Wannan ƙungiya tana ba da hatimi iri biyu, kuma za ka gan su a buge a gindin ruwan wuƙa: JS ga wanda ya haye matakin farko, MS ga wanda ya zama gwani. Jarrabawar ba ta baki ba ce. Da wuƙa guda mutum zai datse igiya mai kaurin inci 1 tana reto a iska da sara ɗaya, ya sassare katakon gini har ya raba shi, sau biyu, bayan haka wuƙar ta iya aske gashin hannu, sannan a matse ta a lanƙwasa ta har digiri 90 ba ta karye ba. Mai neman MS da wuƙar Damaskas mai falle 300 ko fiye zai yi wannan duka. In ka ga waɗannan haruffa ka san farashi zai hau, ka kuma san dalili. Rashinsu kuma ba ya nufin mutum bai iya ba, masu gurza ba sa cikin wannan tsarin tun asali.

Sai ƙarfe. Da lamba ake kiransa. 1084 da 1095 ƙarfe ne mai sauƙin sha'ani, lambobi biyu na ƙarshe suna nuna yawan kabon da ke ciki, wajen kashi 0.84 da 0.95 cikin ɗari. 5160 shi ne ƙarfen sifirin mota, wanda maƙeranmu ma suka daɗe da gane amfaninsa wajen adda da barho. 52100 kuma ƙarfen boris ne. Duk waɗannan suna kaifi yadda ake so, suna saurin wasuwa, amma suna tsatsa in an yi sakaci. Waɗanda ba sa saurin tsatsa su ne masu sinadarin kuromiyam da yawa, irin su 440C, 154CM, S35VN, da MagnaCut wanda ya fito a 2021 aka yi ta rububinsa. Shi kuwa Damaskas ɗin da ake yi yanzu, ƙarfe iri biyu ne, galibi 1084 da 15N20, ake jerawa falle-falle a haɗe su da wuta da bugu, a ninka, a sake bugawa. In an gama sai a tsoma cikin ruwan asid. Mai nikel ɗin, wato 15N20, ya tsaya da haskensa, ɗayan ya yi baƙi, zanen ya fito kamar ruwa na gudu. Kyau ne, kuma shaidar wahala ce. Amma kada wani ya ruɗe ka cewa zanen ne ke yanka.

Abin da ke yanka shi ne yadda aka gasa ƙarfen. Ƙarfe irin 1084 sai an kai shi wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, a tsoma shi cikin mai nan take ya ƙanƙare, sannan a mai da shi tanda a wajen digiri 200 don a rage masa gautsi. An kuskure wannan, komai tsadar ƙarfen, an yi asara. Ana auna taurin da ma'aunin Rokwel, kuma yawancin wuƙaƙen kirki tsakanin 58 da 62 suke. Maƙerin da ka tambaya nawa ne taurin wuƙarsa ya amsa maka ba tare da inda-inda ba, har ya gaya maka ko shi ya gasa ko aikawa ya yi aka gasa masa, wannan ya san aikinsa.

Mataki na 3: abin da za ka saka a jaka

Tsabar kuɗi, kuma da canji. Wasu masu tebura suna karɓar kati, wasu dattawan ba ruwansu da shi. Ka yanke wa kanka iyaka tun daga masauki, ka bar sauran a can. Oregon ba ta karɓar harajin saye, saboda haka abin da aka rubuta shi za ka biya. In daga wajen Amurka za ka shigo, kuɗin da ya haura dala 10,000 dole ka bayyana shi ga jami'an kwastan.

Sai ƙaramar tocila, gilashin ƙara girma, ƙyalle mai laushi, littafin rubutu da biro, filasta biyu ko uku, da takalmin da za ka iya yini a tsaye cikinsa a kan daɓen siminti. Jakar ta zama ƙarama. Babbar jakar goyo a tsakanin tebura masifa ce, kana juyawa za ta share wa wani kaya. Mai babbar riga kuma ya bar ta a masauki, hannunta kaɗai ya isa ya jawo wuƙar dala dubu ƙasa.

Mataki na 4: zagayen farko, hannu a aljihu

Da ka shiga ka karɓi taswirar zauren, yawanci layuka da haruffa, tebura da lambobi. Ka zagaye wurin kaf ba ka sayi ko allura ba. Duk abin da ya ja maka ido, rubuta lambar teburin da farashin. Wannan zagayen zai ci awa biyu ko fiye, kuma shi zai gyara maka ido: wuƙar da ta ruɗe ka a layin farko, kafin ka kai na biyar za ka ga uwarta a rabin kuɗin, ko kuma ka gane cewa lallai babu kamarta. In na biyun ne, koma da sauri. Wannan ne kaɗai uzurin karya dokar.

Za ka ga wasu tebura, musamman na jikin bango, babu farashi a kan komai. Na nuni ne, ba na sayarwa ba, kuma ƙungiyar kan ba da kyauta ga waɗanda suka fi tsari. Ni a ganina nan ne riba ta fi yawa, don kyauta ake ba da ilimi. Wani zai jera wuƙaƙen Bowie kaɗai, ya ba ka labarin faɗan 1827 a bakin kogin Misisipi da ya sa sunan Jim Bowie ya manne wa wuƙar, da yadda maƙeran garin Shefil na Ingila suka riƙa ƙera su suna aikawa Amurka. Wani wuƙaƙen aljihu na kamfanin Case ya tara, zai nuna maka ɗige-ɗigen da suka fara bugawa a 1970, guda goma, ana cire ɗaya duk shekara, ta yadda da ƙirga ɗigo za ka san shekarar wuƙa. Wani lokaci a teburin kayan ƙasashe sai ka ci karo da takobin Buzaye ko wuƙar damtse cikin kubenta na jan fata. A nan kai ne malami. Faɗa wa mai teburin sunanta da Hausa da yadda ake ɗaura ta, ka ga yadda zai jawo biro.

Mataki na 5: ladabin tebur

Ga labarin da na yi alkawari. A wani taro, ranar farko, na tsaya gaban teburin wani dattijo mai farin gemu. Wata wuƙar farauta mai ƙotar ƙahon barewa ta ɗauke mini hankali. Ban yi sallama ba, ban tambaya ba, na ɗauka, na kama ruwan da yatsu biyu ina juya shi a haske, sannan babban yatsa ya yi abin da ya saba. Dattijon bai ce uffan ba. Ya jira na ajiye, ya ɗauko ƙyalle da 'yar kwalbar mai, ya goge wuƙar a hankali tun daga gindi har tsini, ni ina tsaye ina kallo. Da ya gama ya ɗago ya ce, "Samari, gumin yatsa gishiri ne. In na bar shi zuwa gobe, zanen yatsanka zai zauna a ƙarfen nan." Da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai da na duba hannuna na ga wani siririn jan layi a yatsan, ban ma ji lokacin da ta shiga ba.

Don haka, tambaya tukuna. Ko da an rubuta cewa a ɗauka, haɗa ido da mai teburin ka nemi izini. Ka ɗauka ta ƙota, ruwan ba wurin yatsa ba ne. Ka riƙe ta a saman teburin, ƙasa-ƙasa, yadda in ta suɓuce za ta faɗa kan ƙyalle. In kuwa ta suɓuce a waje, ja ƙafarka baya ka bar ta ta faɗi, kada ka kai hannu cafka. Wuƙar da ta faɗi tsininta ya karye, a wurin da yawansu ka saya ke nan.

Kada ka zare wuƙa daga kube ko ka mayar da ita ba ka tambaya ba, don kowace shiga da fita na iya barin zane a ruwan da aka yi kwanaki ana gogewa. Wuƙa mai naɗewa a buɗe ta a hankali, ba a fizge ta da wuyan hannu kamar a fim. In tsohuwar wuƙar aljihu ce mai baki biyu ko uku, buɗe ɗaya, rufe, sannan ka buɗe na gaba, domin buɗe su tare yana takura sifirin bayan, ya kan ma karye. Ka mayar da ita yadda ka same ta, a buɗe ko a rufe. In miƙawa za ka yi, ƙota ke gaba, kuma kada ka saki sai ka ji ya riƙe. Hanya mafi lafiya ita ce ka ajiye a tebur shi ya ɗauka.

Kana son ganin kaifi? Ka ce ya nuna maka. Yawancinsu suna da takarda a gefe don haka, wasu kuma za ka lura hannunsu na hagu duk ya zama sanƙo saboda aske gashi. Hoto ma sai da izini. Kofin shayi da jaka ba sa hawa tebur. In ka tarar ana ciniki, ja gefe ka jira, sa baki cikin cinikin wani abin kunya ne a can kamar yadda yake a Kurmi. In da yaro ka zo, hannunsa na cikin naka.

Mataki na 6: yadda ake duba wuƙa

Kunna tocila. Fara da kallon wuƙar ta gadon bayanta, tsini na fuskantar gaba, kamar mai duba ko sanda ta miƙe. Tsinin ya zauna a tsakiya. Juya ta ka kalli gindin kaifi, inda gurzar ta fara a gefe biyu: layukan nan biyu su yi daidai da juna. Nan ne hannun koyo ke fallasa kansa. Duba inda makarin yatsa ya haɗu da ruwan, kada a ga rata ko gam ya cike gurbi. Shafa ƙotar, ita an yarda ka shafa, ka ji ko ƙusoshin sun yi daidai da itacen ko sun turo kai. Tambayi yadda jelar ƙarfen ta shiga ƙota: ko faɗinta ɗaya da ƙotar ana ganin ta ta gefe, ko siririya ce a ɓoye ciki. Duka biyun suna da ƙarko in an yi su daidai.

Mai naɗewa kuma, in ta rufe bakin ya kwanta a tsakiya bai goga gefe ba, in ta buɗe kada ta yi girgiɗi.

Bayan ido sai hannu. Riƙe ta yadda za ka riƙe ta a bakin aiki. Akwai wuƙar da ta fi kowacce kyau a tebur amma kana damƙa sai ka ji wani ƙashi na ƙotar na cin tafinka. Minti goma na fiɗa da ita, sai kanta ta fito maka a tafin hannu.

Ka tambayi abin da aka yi ƙotar da shi. Micarta da G10 kayan masana'anta ne, ba ruwansu da ruwa ko zafi. Akwai itatuwa masu tauri, ƙaho, ƙashi, har da hauren wata dabba mai kama da giwa da ta ƙare tun zamanin da, wanda ake tonowa daga ƙasa mai ƙanƙara. Wasu na amfani da hauren gadu, wanda bai so sai ya tambaya. Hauren giwa kuwa ka nisance shi gaba ɗaya. Tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, Amurka kuma ta ƙara tsaurara dokarta a 2016, kuma jami'in kwastan ba zai tsaya sauraron cewa wuƙar tsohuwa ce ba in babu takarda.

Tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi duka: kai ka yi ta, daga farko har ƙarshe? Ba rashin kunya ba ne. Akwai Damaskas mai arha da ake shigowa da shi kwali-kwali a sayar da sunan ƙirar hannu, akwai kuma jabun wuƙaƙen manyan maƙera da suka rasu. In ka ga Damaskas a farashin abincin rana, ka san akwai lauje cikin naɗi. In tsohuwar wuƙa ce mai tsada, nemi izini ka kai wa wani dattijon ƙungiyar ya duba. Mai gaskiya ba zai hana ba.

Mataki na 7: ciniki

Nan ma sai Bahaushe ya danne halinsa. Mun saba a ce dubu goma mu taya uku, a ce albarka, a yi ta ja har a haɗu a tsakiya. Ka yi wa maƙerin da ya kwashe mako biyu kan wuƙa guda haka, ka zage shi ne. Shi farashinsa lissafin awoyi ne da kayan aiki. Iyakar abin da za ka yi, ka tambaya cikin ladabi ko akwai ragi, musamman in biyu za ka ɗauka ko tsaba za ka biya. Ya ce babu, to babu. Kushe kaya don a rage kuɗi kuwa, kada ma ka fara.

Teburin dillali da na masu tsofaffin wuƙaƙe daban ne, can ana taya kaya, har musaya ana yi, wuƙa da wuƙa a cika kuɗi. Lahadi da rana, lokacin da kowa ke tunanin sake loda kaya a mota, hannu ya fi sakewa.

Maƙeran da suka yi suna sosai ba sa sayarwa ga wanda ya riga zuwa. Ƙuri'a suke yi: ka rubuta sunanka ka jefa a akwati kyauta, wanda aka zaro shi ke da damar saye a farashin tebur. Wannan daban ne da tikitin da ake saya da kuɗi don a ci kyauta, wanda ƙungiyoyi da yawa ke yi don tara kuɗin hidima. Mai ƙyamar caca sai ya bambance su. Akwai kuma gwanjon rubutu, kowa ya rubuta tayinsa a takarda a gaban kayan, wanda ya fi yawa lokacin rufewa ya ɗauka.

In abin da kake so babu shi a tebur, ana ba da aiki. Kawuna ya taɓa bugo mini waya ina tsakiyar zaure. "Kai ɗan nan, in ka ga wadda za ta yi mini layya ka taho da ita." Na ce, "To Kawu, Allah ya sa a dace." Ban dace ba, don yawancin na teburan gajeru ne masu kauri, na farauta, shi kuwa yanka yana son doguwa, siririya, mai miƙaƙƙen baki. Sai da na zana wa wani maƙeri a takarda. In za ka yi haka, ku rubuta komai: tsawo, irin ƙarfe, ƙota, kube, farashi, kafin alƙalami, da watan da za a gama. Jiran wata shida ko shekara ba abin mamaki ba ne.

Duk abin da ka saya, karɓi rasit da katin maƙerin, ka sa ya rubuta irin ƙarfen, taurinsa, abin ƙotar da kwanan wata. Ranar da za ka sayar, ko ranar da kwastan za su tambaya, takardar nan ce bakinka.

Kafin ka fita, duba jadawalin nune-nunen yini. Akan yi na wasa wuƙa, na bugun ƙarfe, na ɗinkin kube, har da na fasa dutse a fitar da kan mashi irin na mutanen da. Ko guda ɗaya ka zauna ka kalla, na wasa wuƙa in son samu ne.

Mataki na 8: kai ta gida

Kada ka ɗauka cewa tunda an sayar maka a zaure, kana iya yawo da ita ko'ina. A Oregon mallakar wuƙa mai fitowa da danna maɓalli halal ne a doka, amma ɓoye ta a jiki laifi ne, haka ma wuƙar suka mai baki biyu. Tsallaka zuwa wata jiha, doka ta canza. Tun 1958 kuma akwai dokar tarayya da ta taƙaita safarar masu maɓallin tsakanin jihohi. Mafi sauƙi, ka bar kayanka a naɗe cikin but ɗin mota har masauki.

A jirgi, wuƙa ba ta shiga jakar hannu ko da ta yankan farce ce mai ɗan baki. Cikin akwatin da za a auna take tafiya, a kube ko a naɗe da kwali da salatif yadda ba za ta yanki mai bincike ba. Kafin ka bar masauki ka zazzage aljihunanka da jakar hannu sau biyu, don 'yar ƙaramar da ka saya ka jefa a aljihu ita ake mantawa, kuma a wurin bincike ba a mayarwa. In za ka ratsa wata ƙasa ko ka sauka da ita a gida, nemi dokar shigo da wuƙa ta can tun kafin ka saya. Ingila, alal misali, ba ta yarda a shigo da mai maɓalli ba sam.

Wuƙar da ƙarfenta ke tsatsa, goge ta, shafa mata mai kaɗan, ka naɗe ta daban da kubenta. Fatar da aka jeme tana riƙe damshi da sinadarin jima, in wuƙa ta yi watanni a ciki za ka zaro ta da ɗige-ɗigen tsatsa. Wadda za ta taɓa nama ko albasa, man da ba ya cutarwa in an ci za ka shafa, ba baƙin man inji ba. Da amfani ruwan zai riƙa sauya launi zuwa toka-toka ko shuɗi-shuɗi, wannan ba tsatsa ba ce, kariya ce, bar ta. Ja ko ruwan goro shi ne abin gogewa. In kuma ƙasar Hausa za ta, ƙotar itace ko ƙaho da aka haɗa a damshin Oregon za ta ɗan tsuke in hunturu ya busa, har ka ji gefen ƙarfen ya ɗan turo a tafinka. Shafa mata mai ko kakin zuma tun farkon sanyi, kuma kada ka bar ta a cikin mota da rana.